Ajiyar Ɗumi a Hannun Tafki

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku matso kusa, ban da tsungulin juna.

Ta zo mu ji ta, Kaka!

Wata tsohuwa ce, Iya Dudu, 'yarta ta haifi bakwaini, ɗan mitsitsi. Ga marka ta kwana bakwai, itace ya jiƙe, wuta ta mutu a garin kaf. In ba a yi wa yaron nan wankan ruwan ɗumi da maraice ba, sanyi zai tafi da shi.

Ran na takwas sai Rana ta leƙo. Iya ta durƙusa ta ce, "Ranki ya daɗe, kwana mana yau."

Rana ta ce, "Ba na kwana gidan kowa. Amma zan bar miki ajiya." Sai ta auna ɗumi, mudu guda ta ba Rairayi, guda Dutse, guda Tafki.

Da azahar Iya ta fita duba ajiyarta. Ta taka Rairayi, sai ta daka tsalle. "Wayyo ƙafata!"

Rairayi ya ce, "Kin ga aiki ko?"

Ta dafa Dutse, sai ta janye hannu tana hurawa. Ta ce, "Madalla!"

Ta tsoma yatsa a Tafki, sai ta ji sanyi ƙalau. "Kai, Tafki! Har ka cinye amana? Tir da halinka!" Tafki bai ce uffan ba.

Magariba ta yi, Rana ta shige gida, jariri ya fara sandarewa. Iya ta suri ƙwarya, sai wajen Rairayi.

Ya ce, "A ka na ɗora shi kamar hula don a gani, Iska ta fizge."

Sai wajen Dutse. Ya ce, "Ɗan saura ne, shi ma yana tsiyayewa. Kuma da dutse za ki yi masa wankan?"

Iya ta fashe da kuka. Ga kunya, ga ba yadda za ta yi, sai ta lallaɓa wajen Tafki.

Ya ce, "Iya, sa hannu."

Ta sa. Kai, jikokina! Ɗumi lumui, har gwiwar hannu!

Ya ce, "Ni ban ɗora a ka ba. Damawa na yi ta yi, yadda kike dama kunu. Na sama ya gangara, na ƙasa ya hau, kowane ɗigo ya riƙe rabonsa. Shi ya sa ba na saurin zafi, ba na saurin hucewa."

Sai ta kamfato, sai gida da sassarfa. Ruwa na taɓa yaron ya miƙe ƙafa, ya callara kukan da ya tara maƙwabta. Iya ta koma bakin Tafki da ƙwaryar a hannu, ta durƙusa masa kamar yadda ta durƙusa wa Rana.

Ƙurunƙus kan kusu, tawa ta ƙare. Kai, Tanimu, daina hamma ka ji. In kun ga mutum shiru da rana, kada ku zage shi, ku jira magariba tukuna.