Ranar da Shugaba Ya Hau Bas

A wani gari an kafa dokar harajin cunkoso: duk motar da za ta shiga titin kasuwa sai ta tsaya a gaban igiya ta biya. Cunkoso kuwa sai abin da ya ƙaru.

Shugaban hukumar sufuri, Alhaji Mainasara, ya kira Ɗanjummai, wakilin direbobin bas.

"Gobe ka nuna mini mai haddasa cunkoson nan, ko in ƙwace lasisinku gaba ɗaya."

"Ranka ya daɗe, na san shi. Amma wayo gare shi. Da ya ji jiniya, ko ya hango masu igiya, sai ya ɓuya. Ka bar motocin rakiyarka takwas a gida, ka ba masu igiya hutu, ka shigo bas ɗina mu yi masa kwanton ɓauna."

"Na yarda."

Washegari Alhaji ya matsu tsakanin mai tumatir da mai kaji. Bas ta ratsa titin kasuwa sumul, ko birki ba a taka ba.

"To, ina mai laifin?" in ji Alhaji.

"Ranka ya daɗe, ka ga cunkoso?"

"Babu."

"Direbobi duk sun fito. Wa da wa ne ba su fito ba yau?"

Alhaji ya gyara hula. Mai kaji ta ƙyalƙyale da dariya.

Ɗanjummai ya miƙa hannu. "Mun iso, ranka ya daɗe. Kuɗin mota."