Agogon Malam Tanimu Mai Bugu

Ku gyara zama, yau shari'a na kawo muku, wadda ta hana mutanen unguwar marina shan inuwa lafiya.

Malam Tanimu mai bugu ne. Shekara arba'in yana zaune a rumfa ɗaya, yana ɗaga itacen bugu yana saukewa a kan shadda har ta yi ƙyalli. Kafaɗunsa kamar na ɗan dambe, amma ƙafafun nan ba su san ko'ina ba sai masallacin bakin rumfa da na Juma'a. Da girma ya zo, ciwon suga ya shige shi, ƙafar hagu ta fara mutuwa, har ƙaya ta soke shi bai ji ba. 'Ya'yansa uku ne, Hafizu da Baraka da Tasi'u.

Hafizu, babbansu, shi ya kai shi asibiti, kuma ba da lallashi ba, don tsohon gardama ce abincinsa. Sai da Hafizu ya zauna a ƙofar rumfa kwana uku yana mayar da masu kawo kaya, sannan uban ya bi shi yana faɗa. Likita ta duba ta ce jini ba ya sauka ƙasa sosai, in bai riƙa taku dubu takwas kullum ba, ƙarshenta sai an yanke ƙafar. A ranar Hafizu ya sayo masa agogon nan mai ƙirga taku, ya ɗaura masa a hannun dama. Abin ya burge tsohon. Kullum agogo ya nuna dubu ashirin, shi kuma ya bi abokan aiki yana nuna musu. Likita ta ga lissafi ta yaba. Ƙafa kuwa sai ƙara baƙi take yi, har aka sa ranar shiga da shi ɗakin tiyata.

Baraka, ta tsakiya, ba ta iya latsa agogon ba ma. Amma ita ke goge wa uban takalmi in ta zo gaishe shi, sai ta ga wata uku ƙasan takalmin ko suɗewa bai yi ba. Ido ba mudu ba, ya san kima. Ta sa uban ya karanta mata lissafin ranar Juma'a, ranar da ba a bugu, ranar da yake takawa har babban masallaci: dubu biyu kacal. Ta karɓi agogon ta ɗaura, ta zauna ta daka gero turmi guda, agogo ya ce ta yi taku dubu ɗaya. Ta ce, "Baba, wannan abin hannunka yake ƙirgawa. Kai kana zaune, shi yana ta tafiya." Ta je ta gaya wa likita, aka ɗaga ranar tiyata wata biyu, aka mayar da agogon idon sawu.

To, sanin cuta daban, shan magani daban. Da agogo ya fara faɗin gaskiya, taku ɗari bakwai a wuni, sai tsohon ya yi fushi. Ya ce shi ba zai yi ta zaga gari hannu rabbana ba, mutane su ce ya taɓu. Tasi'u, autansu, shi ke kai wa masu kaya shaddarsu a babur. Sai ya cire wa babur ɗin wata waya, ya ce ya lalace. Ya san ubansa gara ya kwana da yunwa da ya saɓa wa mai kaya alkawari. Ya zauna a gurbin uban yana bugu, aikin da ya tsana tun yana yaro, har tafin hannunsa ya farfashe. Tsohon kuwa ya ɗauki ƙunshin shadda ya shiga lungu-lungu da ƙafa, yana tafe yana tsine wa babur. In ya dawo ya duƙa ya leƙa agogo, in bai cika dubu takwas ba ya ƙara zagaye ɗaya, don ba ya son agogo ya raina shi.

Wata biyu suka cika, likita ta matsa yatsan ƙafar, tsohon ya ce wash. Ta ajiye maganar wuƙa. Ni da nake ba ku labarin nan na ga hawayensa ran nan, kuma ban taɓa ganinsu ba.

Wani attajiri da ya shekara talatin yana kawo masa bugu ya ji labari, ya ba shi kujerar Makka biyu, tasa da ta wanda zai riƙe shi. Malam Tanimu ya tara 'ya'yan ya ce, "Da ƙafata zan yi ɗawafi, kuma wanda ya cece ta shi zai taka kusa da ni." Daga nan ya rasa sunan da zai kira.

Kada wani ya ce mini hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, na sani, amma kujerar ɗaya ce. Hafizu ya kai shi asibiti, sai dai agogonsa ya kusa jawo wuƙa. Baraka ta gano gaskiya, amma gaskiyar ba ta ɗaga tsohon daga zaune ba. Tasi'u ya tashe shi, da ƙarya. To, wa zai bi Malam Tanimu Makka?