Mai Gidan Unguwar Kwari

A zamanin da, tun birane suna da ganuwa, an yi wani Sarki wanda garinsa ya kasu biyu, tudu da kwari. Manya suna tudu. Kwari kuwa gidajen haya ne, inda fatake da baƙi da waɗanda ƙarfinsu ya ƙare suke fakewa. Kowace damina sai kwarin nan ya ci mutum, ko soro ya rufta, ko katanga ta kwanta a kan wani, da rani kuma gobara ta lashe abin da ruwa ya rage.

Abin ya ishi Sarki. Ran nan ya tara fada ya ce, "Na gaji da bin gawar baƙina zuwa maƙabarta. Waziri, tsara mini doka."

Wazirin nan, Haladu sunansa, mutum ne mai kaifin harshe, wanda in ya juya maganarka sai ka rantse ba kai ka faɗe ta ba. Ya tsara doka, sankira ya zaga gari yana shela: kafin ruwan fari, kowane mai gida ya yi yaɓe, ya buɗe rariyar da ke fitar da ruwa ta gindin katanga, ya ɗaura indararo, ya sauya azarar da gara ta ci. A huda ƙofar baya don gudu, a ajiye randa cike saboda wuta. Wanda gidansa ya faɗa wa mutum don sakaci, kora ce.

To, ga inda abin yake: rabin gidajen kwarin nan na Waziri ne. Wakilinsa ya zo ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, yaushe magina za su fara?"

Waziri ya ce, "Waɗanne magina? Me shela ta ce?"

"Mai gida ya gyara."

"Madalla. In ka yi sallama a ƙofar ɗayan gidajen nan ka ce kana neman maigida, ni ake kirawo maka daga tudu?"

Wakili ya sosa ƙeya ya ce, "A'a, wanda ke ciki shi ke fitowa."

"To, je ka gaya wa masu haya haka."

Ka ji mutum! Mai mallakar gida da magidancin da ke kwana a ciki, a baki sunansu ɗaya, shi kuwa ya shige ta wannan ɗan tsukin da babbar rigarsa. Wakili ya kai bakin zaure, ya juyo ya ce, "Har da gidan Malam Hambali?"

Malam Hambali shi ne tsohon da ya koya wa Haladu karatu tun daga baƙi har fassara, matarsa Gwaggo Yalwa kuwa ba ta taɓa sauke tukunya ba ta ajiye masa nasa ba. Yanzu tsufa ya kama su, suna haya a gidan ƙarshe, daidai inda ruwan unguwa ke haɗuwa. Waziri ya kau da kai ya ce, "Doka ba ta da malami."

Tsohon ya yi abin da zai iya. Ya kwaɓa ƙasa ya yaɓe iyakar inda hannunsa ya kai, ya cika randa. Amma rariyar ta cushe da saiwa da duwatsu, azara kuwa sai ƙarti.

Wata rana bayan azahar hadari ya haɗo, ruwa ya goce kamar da bakin ƙwarya. Ya shiga gidan Malam, bai sami mafita ba, ya taru har gwiwa. Katanga ta jiƙe, azara ta karye, rufin ɗaki ya sauko a kan ƙafar Gwaggo Yalwa. Ƙofar gaba ta toshe, ta baya kuwa babu, sai da maƙwabta suka fasa bango suka jawo ta. Ta rayu, amma ƙafar ta karye.

Da labari ya iske Waziri, loma ce a hannunsa, ya mayar da ita cikin akushi. Kunya ta kama shi, amma irin kunyar nan ta mai fatan kada a gane.

Kashegari fada ta cika. Sarki ba yaro ba ne, ya san gidan wa ya faɗi, amma sai ya sa aka kawo Malam Hambali, rigarsa duk busasshen taɓo. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, wane ne mai gidan da ya rushe?"

Malam bai ko dubi inda Waziri yake ba. Ya ce, "Ni ne, Allah ya ba ka nasara. In an yi sallama, ni ke fitowa."

Tirƙashi! Maganar Waziri ce ta dawo masa ta bakin malaminsa, ba don a tona shi ba, don a rufa masa asiri.

Sarki ya ce, "Ka san kora ce, kai da gurguwar matarka?"

"Na sani."

Sarki ya juya ya ce, "Waziri, kai ka tsara doka, kai za ka yanke masa. Amma tukuna warware mini wannan. Gida ɗaya, mutum biyu. Ɗaya in ruwa ya zo, a kansa yake zuba. Ɗaya in wata ya ƙare, hannunsa ake cikawa. Wanne na nufa da na ce a tsara mini doka?"

Wallahi amsa tana nan a harshen Haladu, mai santsi, wadda ko alƙali ba zai iya kamawa ba. Amma da ya dubi taɓon da ke rigar malaminsa, sai ya haɗiye ta. Gumi ya tsattsafo masa ta ƙarƙashin rawani. Sai Malam ya ce a hankali, "Faɗi abinka, Waziri, kada ka ji nauyina. Ni na koya maka kalma ɗaya takan ɗauki ma'ana biyu, kuma ka iya."

Da zagi tsohon ya yi, da Haladu ya jure. Wannan kuwa ta fi ƙarfinsa. Ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige. Ya sa hannu ya warware rawaninsa a gaban fadawa, ya ajiye, ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, gidana ne. Ni nake cin hayarsa, ni na hana magina, ni na karkatar da maganarka. Malam bai koya mini haka ba. Ni za a kora."

Malam ya yunƙura zai yi roƙo, Sarki ya ɗaga hannu ya ce, "Doka ta ce kora, kuma kora za a yi. Amma tunda kalma takan ɗauki ma'ana biyu, na kore ka daga tudu zuwa kwari. A gidan da ya rushe za ka yi damina, Malam da iyalinsa su koma gidanka na tudu. Rawaninka yana nan wurina har sai ruwa ya shiga kowane gida naka ya fita salin alin."

Aka sake shela, wannan karon aka ce mai cin haya shi ne mai gyara. Sauran masu gidaje da suka laɓe a bayan dabarar Waziri suka bazama neman magina, kuma a daminar nan kwari bai sake cin kowa ba.

Wata safiya Haladu yana durƙushe a gindin katanga, taɓo har gwiwar hannu, yana zaƙulo saiwa daga rariya, sai ya ji sanda tana ƙwanƙwasa ƙasa a bakin zaure. Malam Hambali ne, riƙe da ƙwaryar fura da Gwaggo Yalwa ta dama daga kwance ta ce a kai wa yaronta.

Tsohon ya gyara murya ya ce, "Salamu alaikum. Maigida yana nan?"

Haladu ya saki saiwar da ke hannunsa. Ya share ido da bayan hannu, ya miƙe tsaye.

Ya ce, "Yana nan, Malam. Ni ne."