Aku da Sheƙar Kanari

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo, muna saurare.

Kanari zabiya ce, duk daji ya san muryarta. Da ta yi ƙwai sai ta ɓuya. Aku mai baza labari ya yi ta leƙen bishiyoyi har ya gano ta.

Ta ce, "Don Allah, Malam Aku, bari in ƙyanƙyashe."

Ya ce, "Hajiya, ke ta jama'a ce!"

Ya ruga kasuwa ya shelanta, "Tana kan tsamiyar bakin rafi!" Hankaka yana ji. Kafin azahar ya shanye ƙwan.

Sarauniya Mikiya ta sa aka rataye Aku cikin keji a bakin hanya.

"Ranki ya daɗe, ko ɗan labule?"

"Ai kai ma yanzu na jama'a ne."

Ƙurunƙus, kan ɓera ya ƙone.