Motar Inna Tabawa da Rariyar Aro

Ku gyara zama, yau na zo muku da maganar da ni kaina ta ɗaure mini kai.

A wani ƙauye maciji ya sari Inna Tabawa a masussuka. Asibiti kuwa sai an haye tudu. Mota ɗaya ce a garin, tsohuwa mai kafireta, wadda mijin Inna ya rasu ya bari. 'Ya'yanta uku suka kwantar da ita a baya. Motar ta tashi, amma da an taka mai sai ta yi tari, ta zubo baƙin hayaƙi, ta mutu. Ƙafar tsohuwa sai kumbura take yi.

Sallau, babbansu, ya buɗe murfin matatar iska, ya tarar ƙaiƙayi ya toshe ta kamar an yi mata yaɓe. Ya fizge ta ya yar. Mota ta sami numfashi, suka kama hanya. Ba su yi nisa ba ta fara haɗiyar yashi da ciyawa, ta shaƙe.

Kyauta, ƙanwarsa, ba ta san komai game da mota ba, tankaɗe kawai ta sani. Ta ruga wani gida a bakin hanya ta aro rariya, ta yanke ragar, ta ɗaure ta a bakin kafireta, inda iska ke shiga ta haɗu da mai. Datti ya daina shiga. Sai dai da suka isa gindin tudu motar ta dinga atishawa, ta ƙi hawa.

Nomau, na ukunsu, mai injin markaɗe ne. Ya kara kunne ya ce wa Sallau, "Yaya, iskar ce ta fi mai yawa." Suka cire murfin inji, ya ɗare gaban mota, ya toshe rabin rariyar da tafin hannu, yana saki yana dannewa. Haka suka haye tudun, hannunsa duk ya sale don zafi.

Inna ta warke. Ta ce motar ta zama ta wanda ya gyara ta. Kowannensu ya ce shi ne, sai aka kira bakanike ya raba gardama. Ya leƙa, ya sosa ƙeya, ya ce, "Inna, wallahi ni ban ga gyara a nan ba. Ɗaya ya buɗe, biyu sun rufe. Ku dai gode wa Allah."

Ni ma a nan na tsaya, na juya maganar har na gaji. Yau wata uku 'yan'uwan nan ba sa ga maciji da juna, makulli yana ƙulle a bakin zanen uwarsu.

To, ku da kuka fi ni kai, wa za ta miƙa wa makullin?