Ƙungiyar Gatari da Raken Sulhu

An yi wani mutum a nan Kundiawa, ya 'yan uwa, wanda labarin mutuwarsa ya same ni wata Talata ina gona ina haƙar dankali. Waya ta yi ƙara, na goge hannu a jikin zani na ɗauka. Wata mata ce daga Mosbi, babban birnin ƙasa, mai gidan hayar da yake kwana. Ta ce, "Mama, ke ce matar mai ɗaki na shida? Tun jiya bai fito ba, yanzu muka ɓalle ƙofa." Ban yi kuka a wurin ba. Na ƙarasa kunyar da na fara, na cika jaka, na koma gida. Gajiya kawai nake ji.

Ba zan faɗi sunansa ba. Rabinku kun san shi, sauran kuma sunan ba zai amfane ku da komai ba. Shekara ashirin da shida na yi a gidansa. Fasto ya ce in rubuta wannan a karanta a taron zumuntar mata. Na ce masa aji uku na yi a makaranta. Ya ce abin da na tuna shi zan rubuta.

Mutumin nan yana da manyan motoci biyu masu kai kofi birnin Lae. Ba ya sha, ba ya duka, ba ya fashin coci. Yana son wasan zari-ruga kamar kowa a ƙasar nan. Shi da yayana Kawage da tsoho Witne mai shagon kayan gini, su uku suka kafa ƙungiyar Gatari. Mijina ya ɗauki albashin 'yan wasa. Witne ya kawo katako da kwano aka yi rumfar 'yan kallo. Kawage ba shi da kuɗi. Filin danginmu na bakin kogi ya bayar, bayan ya yi wata uku yana lallashin dattawa, sannan ya yanka alade goma sha biyu ranar buɗewa. Aka gasa su a rami da duwatsu masu zafi, aka raba nama a gaban jama'a. Kowannensu ya miƙe ya ce ƙungiya ta mutum uku ce, ba mai yanke magana shi kaɗai. Ba a rubuta ko layi ɗaya ba. Me za a rubuta? Mutum dubu sun ji, sun kuma ci naman.

Shekara huɗu abin ya yi daɗi. Gatari ta shiga babbar gasar ƙasa, ana nuna mu a talabijin. Kun san miji ba ya kama sunan ɗan'uwan matarsa, Tambu suke ce wa juna. Sai ka ji Kawage a bakin fili yana cewa, "Tambu, da wannan tumbin kake koya wa 'yan wasa gudu?" Shi kuma ya ce, "Rufe bakinka, Tambu. Kai da in aka jefo maka ƙwallo sai ka ɗauka gwanda ce ka nemi wuƙa." Ni ina bayan rumfa ina dafa shinkafa da kifin gwangwani na mutum talatin, ina jin su.

Sai wani kamfanin haƙar zinariya ya zo. Suka ce za su zuba wa ƙungiyar kuɗi, da sharaɗin a mayar da wasannin gida Mosbi, a kuma canja suna. Mijina ya so. Kawage da Witne suka ƙi. Biyu sun fi ɗaya, ai magana ta ƙare ke nan.

Amma ba ta ƙare ba. Lokacin da hukumar gasa ta nemi takardar rajista, shi aka aika Mosbi domin shi ne mai ilimi a cikinsu. A takardar nan ya rubuta wa kansa kaso bakwai cikin goma, Witne uku, Kawage babu. Shekara huɗu takardar na ƙasan akwati a ɗakinmu, yana kiran mutum Tambu yana dariya da shi. Ranar da suka ƙi shi ya fito da ita. Ya canja kwaɗon ofis, ya sallami mai horarwa, ya ce shi ne shugaba.

Ya 'yan uwa, ku lura da wannan. Zunubin bai fara ranar da ya fito da takarda ba. Ya fara ne ranar da ya zauna shi kaɗai da biro a wani ofis, ya ga ba mai kallonsa.

Dattawa ba su bar abin haka ba. Wata Asabar da hantsi suka taru a tsakiyar filin wasan, ɓangarenmu da ɓangarensa. Aka saro rake mai tsawo. Mutum biyu su kama, su karya, kowa ya tauna rabinsa, faɗa ya mutu, haka muka tarar. Kawage, wanda shi aka cuta, shi ya fara kama gefensa ya miƙa ɗaya gefen. Ya ce, "Tambu, kama mana, hannuna ya gaji. Ni ba ɗan wasa ba ne."

Mutane suka yi 'yar dariya, don sun ɗauka an gama. Mijina ya sa hannuwansa a aljihu. Ya ce, "Lauyana ya ce alade ba shi da rasit. Wanda yake da magana ya same ni a kotu."

Ya shiga mota ya tafi. Yayana ya daɗe a tsaye cikin rana da raken a hannu, bai san inda zai ajiye shi ba.

Yanzu zan faɗi nawa, don kada ku ce na wanke kaina. Bayan sati biyu ya kawo mini wata takarda ina tsinke ganye. Ya ce lauya ya rubuta, in sa hannu. Na ce ya karanta mini. Takardar ta ce fili da aladun nan kyauta ce ta surukuta, Kawage ya yi ta ne saboda aurena, ba rabo ba ne a ƙungiya. Na ce, "Baban yara, ai ba haka aka yi ba." Ya ce, "Tekla, gidan wa kike kwana?" Na san ƙarya ce. Na ɗauki biron. Sunana shi ne abu ɗaya da na iya rubutawa da kyau, na kuma rubuta shi da kyau.

Kawage da Witne suka kai ƙara. Ranar da aka fara zama, kotu cike take, har a tagogi mutane. Aka karanta takardata da ƙarfi. Sannan mijina ya tsaya, aka tambaye shi wane ne ya yi kyautar, ya kama sunan yayana a gaban jama'a, ba sau ɗaya ba, sau uku. Wata tsohuwa daga danginmu ta toshe kunnuwanta ta fita. Kawage bai kalle shi ba. Ni ya kalla.

Da aka tashi na sami Kawage a bakin ƙofa. Ya ce, "Tekla, da kin ce musu ba ki iya rubutu ba, da ya fi miki." Wannan ce magana ta ƙarshe da ya yi mini. Shekara bakwai ke nan.

Kotu ta ce kada kowa ya taɓa ƙungiyar sai an yanke hukunci. Da lokacin gasa ya zo, mijina ya aika jerin sunayen 'yan wasansa, Kawage da Witne ma suka aika nasu. Hukuma ta ce ba za ta karɓi ƙungiya mai kai biyu ba, ta ba wani gari gurbinmu. Kamfanin zinariya ya daina ɗaga waya. 'Yan wasa suka watse, masu sa'a suka tafi Goroka da Lae, sauran suka koma gona. Wanda ya fi kowa gudu a cikinsu yanzu kwandasta ne a tashar bas. Danginmu suka cire turakun gola suka yi kunyoyin dankali a filin.

Ba wanda ya ƙona masa mota, ba wanda ya tare masa hanya. Manoma dai suka daina ba shi kofi. Motar ta je ƙauye ta dawo wayam, kowa ya ce bai busar ba tukuna. Ya sayar da mota ɗaya, bayan shekara ya sayar da ɗayar, duk suka tafi wajen lauyoyi da kuɗin jirgi. Aka mayar da shari'a Mosbi. A ɗage, a ɗage, a sake ɗagewa. Witne ya rasu a shekara ta uku. Mijina bai je gaisuwa ba, ya ce lauya ya hana.

A shekara ta biyar ya ci shari'a. Ya bugo mini waya ya ce, "Tekla, ƙungiya tawa ce." Na ce, "Wace ƙungiya, Baban yara?" Ya kashe wayar. Babu ɗan wasa, babu fili, babu gurbi a gasa. 'Ya'yan Witne kuma suka ɗaukaka ƙara. Ya ce ba zai dawo gida ba sai an gama. Ina jin kunya ce ta hana shi, amma bai taɓa faɗa ba. Shekara biyu ya ƙara a ɗakin nan na shida, yana cin biskit da shayi, hawan jini na cin shi.

Gawarsa ta zo a jirgi tare da kwali uku na takardu. Mun kafa rumfar makoki, kwana huɗu. Mutumin da a da in ya shigo fili dubban mutane ke miƙewa, ba wanda ya shafa taɓon makoki a fuska dominsa sai ni da 'ya'yana mata biyu. Dangina ba su zo ba. Nasa ma ƙalilan ne, don su ma ya kunyata su ranar rake. Mazan coci huɗu suka ɗauki akwatin saboda fasto ya roƙe su.

To, ya 'yan uwa, me ya samu? Kaso ɗaya cikin uku na abu mai rai ya raina, ya ƙare da bakwai cikin goma na abin da babu shi. Alƙali takarda yake dubawa, aikinsa ke nan, ban ga laifinsa ba. Amma alkawarin da aka yi a gaban mutane, Allah ma yana wurin, shi kuma ba ya neman rasit. In kuna da abu tare da wani, ko teburin kasuwa ne, kada ku rubuta a ɓoye abin da ba za ku iya faɗa a fili ba. In an miƙo muku sulhu, ku kama tun hannun mai miƙowa bai gaji ba. Ku kuma mata, kada tsoron rasa ɗaki ya sa ku sa hannu a kan ƙarya. Na sa, ɗakin yana nan, ni kaɗai ce a ciki.

Allah ya gafarta masa, ya gafarta mini. Allah ya kiyaye mu da girman kai, ya kiyaye mu da nasarar da ba mu da wanda za mu ci ta tare. Amin.

Gidan Kawage yana kan hanyata ta kasuwa. Ya tsufa, ƙafa ta hana shi zuwa gona. Kullum da safe ina cire dami ɗaya na ganye daga kayana in rataye a kan turken ƙofarsa, ba na sallama, ba na tsayawa. Shekarar farko a nan yake bushewa. Yanzu in na dawo da yamma ba na tarar da shi. Ban san ko shi ke ɗauka ba, ko matarsa, ko aladen maƙwabta. Ban tambaya ba. Gobe ma zan rataye.