Farar Ƙura a Bishiyar Inna

Akwai wani tela da ke zaune katanga ɗaya da ƙaninsa, wanda kowa ke kira Auta, mai gyaran famfo. Kafin mahaifiyarsu ta rasu ta ba kowannensu dashen wata bishiyar ado mai jan fure, ta ce su shuka a tsakar gida. Abin da ya rage musu daga hannunta ke nan.

Bishiyar Auta ta yi tsawo har ta leƙo titi. In ta yi fure, masu wucewa kan tsaya su ɗauki hoto. Ta tela kuwa lafiyarta ƙalau, sai dai ba ta kai waccan ba, kuma wannan "ba ta kai ba" ɗin ce ta hana bawan Allah sakat.

Yana kan keken ɗinki, idonsa na kan taga. Da ya ji wani ya ce, "Kai, wannan bishiya da kyau take!" sai ɗinkin ya karkace.

"Ni ne babba," yake ce wa matarsa. "Amma Inna ta zaɓi dashe mai kyau ta ba Auta. Tun muna yara haka take yi."

"Maigida, tukunya ɗaya fa aka ciro su," in ji ta. "Ina tsaye a wurin."

"Ke dai kin fi son gidan can."

Wata safiya yana shanya yadi a kan katanga, sai ya hango wata farar ƙura a ganyen bishiyar Auta, kamar an barbaɗa gari, sabon tohon duk ya nannaɗe. Ya gane ciwo ne. Auta na tsugune a ƙasa yana haɗa kayan aiki, bai lura ba. Tela ya buɗe baki, sai kuma ya rufe. Gaskiyar magana, daɗi ya ji. Ranar har da waƙa yake ɗinki.

Sai ya ga dama ta samu da zai wuce ƙaninsa. Ya sayo takin zamani ya zabga wa tasa ba awo. Sannan ya sa aka kafa kwanon rufi a saman katangar, wai don kada ganyen maƙwabta ya riƙa faɗo masa. Matarsa dai ta san dalilin: ba ya son ganin furen nan ne.

Bishiyarsa ta yi ta fitar da sabon ganye mai laushi, ta cunkushe. Kwanon kuma ya tare mata ranar safe, ya tare iska. Shi ko yana ta murna, yana zagaya ta da hannu a baya.

Auta ya lura da ciwon tasa daga baya. Ya tambayi masu sayar da dashe, suka ce farar fumfuna ce. Ya yanke rassan da suka kamu, ya tattara ganyen da ya zube ya ƙulle a buhu ya fitar, ya riƙa yi mata feshi. Da ya gama sai ya zagayo gidan wansa.

"Yaya, ciwo ya kama bishiyata, an ce iska ke ɗaukarsa. Ka duba taka. Kuma kwanon nan zai cuce ta, inuwa da cunkoso ciwon yake so."

"Tawa garau take," in ji tela, bai ko ɗaga kai daga keke ba. "Kowa ya ji da tasa."

"Ga sauran maganin nan na kawo maka."

"Ka riƙe abinka. Ka ga ta fara kamo taka shi ne hankalinka ya tashi."

Auta ya ajiye gorar feshin a bakin ƙofa ya tafi.

Ba a daɗe ba farin ya bayyana a ganyen da ke kusa da tagar ɗakin ɗinki. Matar ta nuna masa. Ya ce alli ne. Ai ta wannan tagar yake kakkaɓe yadi bayan ya yi zane, dole ƙurar alli ta sauka a ganye. Ya sa tsumma ya goge, ya koma kakkaɓewa ta ƙofa.

"To allin naka hawa bishiya yake yi?" ta tambaye shi bayan kwana biyu. "Ga shi can har ƙololuwa."

Ya ɗaga kai. Bishiyar Inna ta yi furfura tun daga ƙasa har sama. Ganye ya murɗe, 'ya'yan furen da ya ƙwallafa wa rai sun bushe tun ba su buɗe ba. Ya taɓa reshe ɗaya, ganye ya zubo masa a ka. Nan tsoro ya kama shi. Ya manta da gasa, ya tuno hannun Inna lokacin da take miƙa masa dashen.

Da ƙyar ya kai kansa gidan Auta. Ya tsaya a ƙofa yana murza hula.

"Auta, ta kamu."

"Na sani, Yaya. Mu je."

Abu na farko, suka cire kwanon. Rana ta faɗo tsakar gidan kamar an buɗe labule. Auta ya ce a daina taki sai ta warke, sannan a rage rassan tsakiya don iska ta ratsa. Ya miƙa wa wansa almakashin yankan reshe, tela ya noƙe.

"Duk wannan za a zubar? Me zai rage?"

"Haba Yaya, kai da kake yanka shadda mai tsada ba ka ko ƙifta ido?"

Tela ya karɓa ya fara yanka, hawaye na taruwa masa. Suna yi suna wanke bakin almakashin, suka kwashe duk abin da ya zube. Auta ya nuna masa haɗin: ɗan cokalin bekin soda, farin garin nan da ake sa wa kek, da ɗigon sabulun ruwa a gorar ruwa, a fesa sama da ƙasan ganye da sanyin safiya, duk mako. In ta ƙi, a nemo maganin feshi na farar wuta a shagon kayan noma.

Suna ɗaure buhun ƙarshe tela ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Na riga ka ganin ciwon a jikin taka. Na yi shiru."

Auta ya ci gaba da ɗaure buhun. "Na ga lokacin da ka leƙo, Yaya. Na ɗauka gaishe ni za ka yi."

Wannan magana ta fi mari zafi.

Bishiyar ta rayu, amma a shekarar ko fure ɗaya ba ta yi ba. Ta Auta kuwa ta yi fure fiye da kullum, kuma da yake babu kwano, reshe ɗaya ya sunkuyo gidan tela yana zubar masa da jan fure. Kullum da safe shi yake sharewa da kansa. Matarsa ta ce a yi wa Auta magana ya yanke reshen.

"Kar wanda ya taɓa shi," in ji tela. "Shi ma na Inna ne."

Darasi: Hassada ga mai rabo taki ce, mai yin ta kuwa rana da iska yake tare wa kansa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka faɗa masa, sannan ka shafa wa naka ruwa. Ku tura wa 'yan'uwa da maƙwabta, wataƙila akwai mai kwanon da ya kamata ya cire.